Ruwan buta a cikin lissafin damina: yadda nake gyara bayanan na'urar yanayi

Wata safiya a Janairu, hunturu na kaɗawa, na duba allo na ga na'urar yanayin da ke kan rufin gidanmu a Aboabo, cikin Kumasi, ta rubuta wai jiya an yi ruwa milimita 6. Tsakar gida kuwa ƙura ce fal. Ashe ƙanena ne ya hau ya wanke ma'aunin da buta. A cikinsa akwai ɗan cokali mai kifewa in ya cika, kowace kifewa milimita 0.2 ce a nawa, kuma bai san bambancin ruwan sama da na alwala ba.

Ni WeeWX, manhajar da ke tattara bayanan na'urar yanayi, nake aiki da ita a kan ƙaramar kwamfuta. Duk minti 5 tana rubuta layi ɗaya, wato layi 288 a rana, kuma duka suna zaune a fayil guda mai suna weewx.sdb. Kafin ka taɓa komai, tsayar da manhajar, ka kwafi fayil ɗin nan, ka sa masa kwanan wata. Kada ka kwafa tana tsakiyar rubutu, kana iya kwasar gurgun fayil.

Sai ka buɗe shi da kowace manhaja mai karanta SQLite, wato tsarin ajiyar bayanai da fayil ɗin ke amfani da shi, ka shiga teburin archive. Abu biyu za su rikita ka. Lokaci a rubuce yake da daƙiƙoƙi tun daga farkon 1970, sai ka mayar da shi kwanan wata; mu a Ghana mun huta, agogonmu GMT ne duk shekara. Na biyu, in ba ka canza tsarin asali ba, da inci ake ajiye ruwa ko da shafinka na nuna milimita. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, don haka ruwan butar ƙanena, da na tara layukansa, ya ba ni kusan 0.24. Na daɗe ina neman 6.

Inda mutane suka fi ɓata aiki shi ne wajen sifili. Ranar buta na tabbata ko ɗigo bai sauka ba, sai na mayar da layukan sifili, har da gurbin ƙarfin saukar ruwa. Amma akwai shekarar da ƙurar hunturu da yanar gizo-gizo suka toshe mazurarin, aka tafka ruwan farko a Maris, kwata ta cika ta batse, na'ura na nuna sifili. Wannan sifilin ƙarya ne. A nan NULL ake sawa, ma'ana ba a auna ba. Kada kuma ka ari adadin da Hukumar Yanayi ta Ghana ta bayar ka cusa, domin a Kumasi ana iya tsuga ruwa a Asawase, Kwadaso na shanya.

In ka gama, jimlar wata ba za ta gyaru da kanta ba, saboda manhajar na da taƙaitaccen lissafin kowace rana a gefe. A WeeWX 5 umarnin shi ne weectl database rebuild-daily. Sannan ka tayar da ita.

Dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kuma nasa rikicin daban. In na'urarka na da ma'ajiya a ciki, manhajar za ta kwaso abin da ya wuce idan wuta ta dawo. In babu, bar giɓin yadda yake. Abin lura shi ne agogo: yawancin ƙananan kwamfutocin nan ba su da batirin riƙe lokaci, sai sun samu intanet suke daidaita kansu, kafin nan bayanai na iya shiga gurbin da ba nasu ba.

Don kauce wa bayanan da ba su da kan gado, ka shiga weewx.conf, fayil ɗin saitin manhajar, a sashen tantance bayanai mai suna StdQC, ka sa iyaka. Ni na sa zafi tsakanin digiri 10 da 45 a ma'aunin Celsius, duk abin da ya fita daga nan a watsar.

Kowace Juma'a bayan masallaci nakan kwafi fayil ɗin a filashi, don katin ajiya na gajiya da yawan rubutu. Ina kuma da ɗan littafi rataye kusa da tsani, ina rubuta ranar wanki, ranar canjin batir, da duk layin da na gyara da dalilinsa. Ƙanena yanzu sai ya sa hannu a ciki kafin ya hau da buta.