Yadda Za a Hana Maganin Dodon-Koɗi Shiga Ruwan Sha

Maganin metaldehid, wanda manoma suka daɗe suna watsa ƙwayoyinsa a gona domin kashe dodon-koɗi, yana da hali mai wuyar sha'ani: yana narkewa a ruwa, ba ya maƙalewa a ƙasa, kuma idan ya kai madatsar ruwa, hanyoyin tacewa da aka saba da su, har da ta gawayi, ba sa cire shi yadda ya kamata. Ƙa'idar Tarayyar Turai ita ce kada wani maganin ƙwari guda ya wuce maikrogiram 0.1 (maikrogiram ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace lita ta ruwan sha, don haka ƙwayoyi kaɗan da suka faɗa rafi sun isa su ɓata ruwa mai ɗimbin yawa. Tun daga gona ya kamata a tare shi.

Kafin manomi ya buɗe buhun magani, ya fara tabbatar da cewa ɓarnar ta kai a yi magani. Da yamma, sa'ad da ƙasa ke da danshi, ya zuba ɗan abincin kaji a wurare daban-daban na gonar, ya kifa faranti ko katako a kai, da sassafe ya ɗaga ya ƙirga abin da ya taru. Sau da yawa zai tarar cewa wani sashe ne kawai ke da matsalar, galibi inda ƙasa ke da laka da manyan hoge, kuma babu dalilin watsa wa gona duka magani saboda kusurwa ɗaya. Gyaran ƙasa ma magani ne, domin idan aka farfasa hogen aka daddale ƙasa bayan shuka, dodon-koɗi ba ya samun rami da zai bi ya kai ga iri.

Idan magani ya zama dole, a ganina fosfet na ƙarfe, wani maganin dodon-koɗi na daban, ya fi cancanta a duk gonar da ruwanta ke gangarawa rafi. Wasu manoma suna raina shi saboda ba sa ganin gawarwaki da yauƙi a saman ƙasa kamar yadda suke gani da metaldehid, alhali kuwa dodon-koɗin da ya ci shi daina cin amfani yake yi, ya shige ƙasa ya mutu a can. A duba ko cin ganye ya tsaya, wannan ne ma'auni. Birtaniya ta haramta amfani da metaldehid a fili tun watan Afrilun 2022, saboda haɗarinsa ga tsuntsaye da dabbobi.

Inda doka ta bar shi kuwa, a bar tazarar mita 10 tsakanin inda ƙwaya ke faɗuwa da bakin rafi, kwata ko iyakar gona, kuma a tuna cewa na'urar watsawa tana jefa ƙwaya nesa fiye da yadda ido ke ƙiyastawa, sai an gwada ta kafin a fara aiki. Kada a watsa idan ana sa ran ruwan sama mai ƙarfi, ko idan ƙasa ta ƙoshi har magudanan gona sun fara zubarwa. Kada a wuce adadin da aka rubuta a jikin buhu.

A cika na'ura a cikin gona, nesa da rijiya da magudana, a shimfiɗa leda a ƙarƙashinta, a kwashe duk ƙwayar da ta zube nan take. Bayan aiki a kakkaɓe na'urar a cikin gonar da aka yi wa maganin, kada a wanke ta a kan siminti inda ruwan wankin zai bi kwata ya tafi rafi.