Robar Mota Ta Koɗe: Kurakuran da Aka Fi Yi a Gombe da Yadda Ake Gyara Su

Duk wanda motarsa ta yi shekara biyu a Gombe ya san yadda baƙar bamba da robar gefen gilashi ke komawa ruwan toka. Rana ce sila. A watan Maris da Afrilu zafi kan kai maki 40, hasken rana na cin fatar robar sannu a hankali, ga ƙurar hunturu mai laushin gari da ba ta barin ko da saƙo. To amma abin da rana ta rage, mu da hannunmu muke ƙarasa shi.

Babban kuskuren shi ne shafa baƙin mai. Ni ma ganau ne. Wata Alhamis na kai Corolla ɗina wanki, yaron ya gama, ya tsoma tsumma a wani gwangwani ya bi bamba da robar ƙofofi kaf. Ya ce, "Alhaji, dube ta, ai ta koma 'yar Beljiyam." Gaskiya ta yi sheƙi, har na ƙara masa wani abu. Washegari na kama hanyar Dukku, kafin in kai ƙura ta manne wa man nan ta zama taɓo, ina fita kuma robar ƙofa ta zana mini baƙin layi a kafaɗar farar shaddar da zan je masallacin Juma'a da ita. Wannan ma mai sauƙi ne. Yawancin robar ƙofar mota da wani nau'in roba ake yin ta mai suna EPDM, wanda ke jure rana da ruwa amma ba ya shiri da dangin man fetur. Da zarar ta sha man inji sai ta kumbura, ta yi laɓo-laɓo, ta riƙa danƙo, daga baya ta saki ta fita daga mazauninta. Kananzir, man gas da bazilin duk uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Masu shafa man birki kuwa nasu ya fi muni, domin ɗigo ɗaya ya zauna a jikin mota sai ya ci fenti.

Idan an riga an shafa, kada a tsaya jira. A wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulun wanke-wanke na ruwa, a maimaita har sai farin tsumma ya daina ɗauko baƙi.

Wani abin da mutane ba sa bambancewa: robar ƙofa mai taushi daban, baƙar bamba da gindin madubi daban. Na biyun roba ce mai tauri, dangin wadda ake yin bokiti da ita, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai taushin, man silikon take so, ko na fesawa ko mai kauri. A fesa a tsumma, ba a jikin mota ba, don kada ya taɓa gilashi ya hana ka gani da dare. In babu, gilisirin ɗin nan da mata ke saya a kemis lokacin hunturu don kaushi yana aiki sarai, sai dai ruwan sama na wanke shi, don haka da damina a riƙa maimaitawa. Mai taurin kuma akwai mayukan da aka yi musamman dominta, irin su Meguiar's Ultimate Black ko 303 Protectant, masu kare ta daga hasken rana. Kaɗan ake sawa a soso, a murza, a jira mintuna, a goge ragowar. Wanda ya labta da yawa, ruwan farko zai tsiyayo da shi a jikin fenti kamar hawaye.

Ko man kirki ne, in aka shafa shi a kan datti an yi asarar kuɗi. Ƙura na maƙale a cikin ramukan robar, sai an sa tsohon buroshin haƙori an bi lungu-lungu, an bar ta ta bushe a inuwa. Da tsakar rana kuwa, lokacin da bamba ta yi zafin da ba ta taɓuwa, man bushewa yake yi kafin ya shiga, ya bar dabbare-dabbare. Da sassafe ko bayan la'asar ya fi. Garin sabulu na wankin kaya, wanda kusan kowane wurin wankin mota ke zubawa a bokiti, shi ma yana da hannu a koɗewar nan, don yana kwashe duk kariyar da aka shafa.

Sai dabarar wuta da ake yayi a TikTok da Facebook, inda za ka ga an bi bamba da na'urar hura zafi ta koma baƙa wuluk nan take. Ba ƙarya ba ne, tana baƙi. Zafin yana narkar da saman robar ne, ya jawo maiƙon cikinta waje. Bayan ɗan lokaci ta sake koɗewa, kuma duk maimaitawa ƙara mata gautsi yake, har ranar da ɗan acaɓa zai ɗan goge ka a Tashar Dukku ta tsage kamar ƙwarya. Man takalmi ma haka, baƙinsa na kwana kaɗan ne, ragowarsa a hannun yara da tufafi yake ƙarewa.

Akwai kuma lokacin da ya kamata a haƙura. Ka sa takardar naira ɗari a bakin ƙofa ka rufe, sannan ka ja. In ta zare salin-alin ba ta turje ba, robar ta mutu a wurin, babu man da zai tashe ta, shi ya sa kake jin iska na fito a hanyar Bauchi, ruwan Agusta kuma na jiƙa maka kafet. A nemi wata wurin masu kayan gyara. In ɓallewa kawai ta yi, kada a ɗiga mata Super Glue, yana sandarar da ita ta karye. Gam irin na masu gyaran takalmi, wanda ake shafawa ɓangare biyu a bari ya sha iska kafin a haɗa, shi ya fi dacewa. Tunda an buɗe ƙofar, a leƙa ƙasanta: akwai 'yan ƙananan hudoji da ruwa ke fita ta nan, ƙurar hunturu kan toshe su, a sa tsinken tsintsiya a zokale kafin damina ta faɗi.