Yadda za ka zagaya duniya da jirgin sama a kwamfutar gida

Zagaya duniya a manhajar kwaikwayon tuƙin jirgi aiki ne na lissafi fiye da na ƙwarewar hannu. Duk wanda ya iya tashi da sauka, ya kuma san yadda ake shigar da hanya a na'urar jirgi, ya riga ya samu hannun da ake buƙata. Abin da ke kayar da mutane shi ne su ɗauki jirgin da ransu ke so, su yi ta tafiya lami lafiya har bakin teku, sannan su gane man da ke tankinsu ba zai kai su gaɓa ta gaba ba. Saboda haka zango mafi tsawo shi ake fara dubawa, shi ne kuma zai zaɓar maka jirgi.

Tukuna sai a san abin da ake kira zagaya duniya. Hukumar FAI, mai kula da tarihin bajintar jiragen sama, ta ce sai jirgi ya koma inda ya tashi, ya ƙetare dukkan layukan tsaye na taswira, kuma tafiyar ba ta gaza kilomita 36,770 ba. Matuƙa suna lissafi ne da mil na teku, wanda kowane ɗaya kilomita 1.852 ne, ke nan kimanin mil 19,850. Riƙe wannan adadi, zai yi amfani a gaba. Kafin ka tashi kuma ka rubuta wa kanka dokoki: kowane zango zai fara daga filin da ka sauka jiya, jirgi ɗaya za a yi tafiyar da shi, in an yi hatsari a maimaita zangon daga farko. Wanda bai rubuta su ba, ranar da ya gaji zai tsallake teku da danna maɓalli ɗaya, daga nan kuwa tafiyar ta rasa armashinta.

Kayan aiki

Ga manhajoji uku da suka ƙunshi duniya baki ɗaya. Microsoft Flight Simulator, na 2020 da na 2024, shi ya fi kyawun gani, domin yana jawo hotunan ƙasa daga intanet yayin da kake tafiya. Na 2020 yana neman wurin ajiya gigabait 150, kamfanin kuma ya ba da shawarar RAM gigabait 16 da intanet mai gudun megabit 20. Na 2024 ya fi dogara da intanet sosai, don haka mai sayen data da kuɗinsa ya yi tunani kafin ya zaɓe shi. X-Plane 12 ana sauke taswirarsa sau ɗaya, daga nan ana iya tashi ko babu intanet. FlightGear kyauta ne, yana kuma tafiya a kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi.

In ka zaɓi na Microsoft, shiga saitin data ka kashe hotunan gine-gine masu nauyi da zirga-zirgar jiragen gaske, ka bar yanayin sama na kai tsaye kawai, shi ba ya cin data da yawa. Sandar tuƙi ɗaya mai murɗawa, irin Logitech Extreme 3D Pro ko Thrustmaster T.16000M, ta isa tafiyar duka. Don tsara hanya akwai Little Navmap da SimBrief, dukkansu kyauta. Na farkon ya fi dacewa da wannan aiki, domin yana zana da'irar iyakar man jirginka a kan taswira, kana ganin filayen da ke cikinta da ido.

Maganar wuta kuma ba ta wasa ba ce. Zango na awa huɗu da aka ɗauke wuta a awa ta uku ya tafi ke nan. In kwamfutar tebur ce a haɗa ta da inbata ko UPS, a kashe saitin barci, a dakatar da sabuntawar Windows kafin tashi.

Hanya

Gabas za ka nufa. A yankin da ke tsakanin digiri 30 zuwa 60 arewa iskar sama daga yamma take busowa, ke nan a tekunan da suka fi haɗari tana bayanka tana tura ka.

Kana iya farawa daga kowane fili, amma ga misali daga filin Malam Aminu Kano, mai lamba DNKN. Da waɗannan haruffa huɗu ake neman fili a kowace manhaja. Daga Kano zuwa Injamena kusan mil 380 ne, zango mai sauƙi na gwada jirgi. Daga nan Khartum, mil 1,040, sai a ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, mil 525. Wannan sashe tsohuwar hanya ce: a yaƙin duniya na biyu jiragen Ingila da aka harhaɗa a Takoradi ta Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Injamena ta yau, suke bi zuwa Khartum da Alƙahira. Daga Jidda sai Maskat, Mumbai, Kolkata, Bankok, Hong Kong, Taipei, Osaka, Sapporo. Filaye a wannan yanki birjik suke, raba zangon yadda ka ga dama.

Daga Sapporo ne aiki ke farawa. Tekun Pasifik ta tsakiya ba ta ƙaramin jirgi ba ce, domin daga Hawayi zuwa Kalifoniya ya haura mil 2,000 babu inda za a sauka. Don haka ake bi ta arewa: Sapporo zuwa Petropavlovsk a gabashin Rasha, UHPP, kusan mil 915, daga nan Anadyr, UHMA, kusan 910, sai a ƙetare zuwa Nome a Alaska, PAOM, mil 435. A wannan zango na ƙarshe za ka tsallake layin sauya kwanan wata, kwanan wurin ya koma baya da ɗaya. Rubuta littafinka da agogon UTC, wanda ɗaya ne a ko'ina a duniya, don kada ka rikice.

Daga Nome sai Anchorage, Seattle, Shikago, Montreal, har Goose Bay a gabashin Kanada, CYYR. Nan ne ƙofar Atlantika, hanyar da masu kai ƙananan jirage Turai suka daɗe suna bi a zahiri: Goose Bay zuwa Narsarsuaq a Girinlan, BGBW, mil 675; zuwa Reykjavik a Aislan, 670; zuwa Wick a arewacin Sikotilan, 640. Daga nan a gangaro ta Paris, Aljiyas, Tamanrasset, Agadas, a dawo Kano.

In ka haɗa wannan hanya za ta ba ka mil 20,000 da ɗoriya kaɗan, wato da kyar ta haye mizanin FAI. Wanda ya yanke daga Anchorage kai tsaye ta arewacin Kanada zai dawo gida da giɓi. Mai son kwanciyar hankali ya ƙara Singafo bayan Bankok.

Jirgi

Yanzu da ka san akwai zanguna biyu masu mil 900 da ɗoriya a jere, zaɓi ya yi sauƙi. Cessna 172, wanda kowa ke koyo da shi, gudunsa kusan mil 120 ne a awa, iyakar mansa kimanin mil 640. Ko Goose Bay zuwa Narsarsuaq ba zai kai ba. Mai dagewa a kansa sai ya bi ta Iqaluit, Kangerlussuaq, Kulusuk, Reykjavik, tsibiran Faro, inda babu zangon da ya wuce mil 500, sai dai zai haye tudun ƙanƙarar Girinlan, wanda ƙololuwarsa ta haura ƙafa 10,000, da injin da ke numfashi da kyar a wannan tsayi. A gefen Rasha ma sai ya nemi ƙananan filaye a tsakani. Tafiyar za ta ci shi awa 170 ko fiye.

Don tafiyar farko mun fi ba da shawarar TBM 930, wanda ke cikin Microsoft Flight Simulator 2020. Inji ɗaya ne mai farfela, yana hawa har ƙafa 31,000, iyakar mansa mil 1,730, ƙololuwar gudunsa mil 330 a awa. Zai gama hanyar cikin awa 75 zuwa 85, yana kuma sauka a gajerun titina. Mai X-Plane 12 yana da Cirrus SR22, irin jirgin da matuƙi ɗan Najeriya Ademilola Odujinrin ya kammala zagaya duniya da shi shi kaɗai a 2017. Manyan jiragen fasinja irin Boeing 747 za su gama da zango huɗu ko biyar, amma daga ƙafa 37,000 gajimare kawai za ka kalla.

Lissafin mai

Adadin da kamfani ya rubuta na iyakar tafiya an auna shi ne babu iska, da gudun tattali. Kada ka tsara zangon da ya wuce kashi 70 cikin ɗari nasa.

Ga yadda ake lissafin. Ɗauki Sapporo zuwa Petropavlovsk da TBM, wanda tankinsa ke ɗaukar galan 290 da 'yan kai. A ce bayan ka daidaita a sama na'ura ta nuna gudun mil 290 a awa da shan galan 55 a awa. Raba 915 da 290, ka samu awa uku da minti goma, wato galan 174. Ƙara ajiyar minti 45, galan 41, ya zama 215. Da saura mai yawa. To a ce ranar iskar gaba ce mai gudun mil 60: gudunka a ƙasa ya koma 230, lokaci ya zama awa huɗu, mai galan 219, da ajiya 260. Saura galan 30 kacal, ba a ma cire na hawa da na zuwa wani fili ba in hazo ya rufe wannan, filaye kuwa a Kamchatka, yankin da Petropavlovsk yake, ba su da yawa. A rana irin wannan ko dai ka rage wuta zuwa gudun tattali, ko ka nemi tsayin da iskar ta fi sauƙi, ko ka jira gobe.

Kula da ma'auni. Wani shafi yana ba da mai a galan, wani a fam, wani a kilo. Galan ɗaya na man jet fam 6.7 ne, na fetur ɗin ƙananan jirage fam 6. A tsakiyar kowane dogon zango duba abin da ya rage ka gwada da abin da ka rubuta. In ya gaza, tun akwai damar juyawa ka juya.

Abubuwan da ke ɓata zango

Ƙanƙara ce babbar matsalar arewa. Tana kama fukafukai idan jirgi ya shiga gajimare sanyi kuma yana tsakanin digiri sifili da 20 ƙasa da sifili. Alamarta gudu ya riƙa raguwa a hankali ba ka taɓa komai ba, na'urar tuƙi da kai tana ta ɗaga hancin jirgi don riƙe tsayi, har fukafukai su daina ɗauka jirgin ya rikito. Kunna na'urorin narkar da ƙanƙara kafin ka shiga gajimaren, ba bayan ka shiga ba, ka kuma kunna hitar ɗan bututun da ke auna gudu tun a ƙasa. In ya toshe, agogon gudu ƙarya zai riƙa gaya maka.

Na biyu, agogon tsayi. Da matsin iska yake aiki. A sama kowa yana saita shi a 1013, ko 29.92 a ma'aunin Amurka, amma wajen sauka dole a koma matsin iskar filin. Kuskuren maki 10 a ma'aunin 1013 ya kai kusan ƙafa 300. A Narsarsuaq, inda titin mai mita 1,830 yake ƙuryar wani lungun teku da duwatsu suka kewaye, babu kuma na'urar ILS da za ta jawo ka har ƙasa, ƙafa 300 ba ƙaramin abu ba ne. Kada ka nufi filin nan sai rahoton yanayi ya nuna sarari, ka kuma iso da rana. A manhajar Microsoft ta 2020 maɓallin B yana saita agogon nan take.

Saukowa a makare ma tana yawan faruwa. Ninka dubban ƙafar da za ka sauke sau uku: daga ƙafa 28,000 zuwa filin bakin teku, fara gangarowa saura mil 84. Saurin gangarowa kuma gudunka a ƙasa sau biyar, wato mil 280 yana neman ƙafa 1,400 a minti.

Sai hanzarta lokaci. Ninki biyu yawanci ba ya kawo matsala a miƙaƙƙiyar hanya, amma daga ninki huɗu na'urar tuƙi da kai takan fara lilo sama da ƙasa, musamman in kwamfutar tana jan ƙafa. Koma gudun asali kafin kowace kwana da kafin fara saukowa. In na'urar tana yawan kashe kanta ba dalili, sandarka ce ke ɗan rawa. Faɗaɗa gurbin da ba ya jin motsi a tsakiyarta zuwa kashi 3 ko 5.

Akwai kuma batun dare. Mai tashi ƙarfe takwas na dare a Kano da agogon gaske zai tarar ƙarfe huɗu na asuba ne a Japan, ya ƙetare Asiya cikin duhu bai ga komai ba. Bar yanayi a kai tsaye, amma ka mayar da agogon manhaja zuwa safiyar wurin. Lokacin shekara ma ya shiga lissafi: daga Yuni zuwa Satumba damina ce mai tsawa a Indiya, amma a watannin ne Atlantika ta arewa ta fi sauƙi. Mai yin zango uku a mako zai ɗauki kusan wata uku, don haka wanda ya tashi a Afrilu zai wuce Indiya kafin ruwa ya kankama, ya iso Girinlan a Yuni.

Bayan kowace sauka rubuta kwanan wata, filin tashi da na sauka, mil, lokaci da man da aka sha, ka ajiye kwafi a waya. Kafin ka bar Aljiyas haɗa jimilla. Daga nan saura kimanin mil 1,500: Tamanrasset, wadda filinta ke kan tudu mai ƙafa 4,500 inda zafin rana ke ƙara tsawon gudun tashi, don haka da sassafe ake barinta, sai Agadas, mil 380, sai Kano, mil 300, ta kusa da Damagaram. In jimillar ba za ta kai 19,850 ba, ratsa ta Yamai ko Sakkwato ka cike. In dawowar ta faɗo lokacin hunturu, ƙura kan rufe Kano har a kasa hango titin daga nesa, saboda haka shirya saukar na'ura a titi na 06 ko 24 gwargwadon iskar ranar, ka riƙe man da zai kai ka Kaduna, sannan ka mayar da jirgin gurbin da ka tayar da shi ka kashe inji.