Yadda ake magance matsalar "detached entity" a Hibernate

Wani ƙanena da ke rubuta wa dillalan albasa na kasuwar Mile 12 da ke Legas manhaja ya kira ni da daddare daga Agege. "Yaya, odar nan ta ƙi shiga rumbun bayanai." Saƙon da ke kan allonsa shi ne "detached entity passed to persist". Ga hanyar da muka bi.

Duk abin da Hibernate, mai haɗa manhajar Java da rumbun bayanai, ta ɗauko daga rumbu yana hannun session ne, wato zaman aikinta da rumbun, kamar rago a hannun makiyayi. Ka canza masa wani abu, ta gani, ta rubuta a tebur. Da an rufe session ko an kira clear, mai sa ta saki duk abin da ke hannunta, ragon ya tsinke, wato ya zama "detached". Lambar id ɗinsa tana nan, layinsa na nan a tebur, sai dai babu mai kula da shi.

Da farko ka tabbatar. Kira contains na EntityManager, wanda ta hanyarsa ake magana da session, a kan abin. In ta ce false alhali yana da id daga rumbu, to ya tsinke.

Sai ka duba cascade, wato tsarin da ke gangarar da umarni daga abu zuwa waɗanda ke haɗe da shi, don galibi nan ɓarnar take. Shi ƙanena ya sa CascadeType.ALL a kan @ManyToOne da ke haɗa Oda da Dillali. Odar sabuwa ce, amma dillalin tsoho ne da aka ɗauko a wata session. Da ya kira persist, umarnin adana sabon abu, a kan odar, umarnin ya gangara kan dillalin, ita kuwa persist ba ta karɓar abin da ya tsinke. Muka cire cascade ɗin, muka ɗauko dillalin da getReference cikin transaction ɗaya da odar, ta shiga. Haka kuma in filin id yana da @GeneratedValue, kada ka cika shi da hannu.

In kuwa gyara ka yi wa abin da ya tsinke, merge ce maganinsa, kuma a nan nake roƙon ka natsu. Ita merge ba ta mayar da abinka cikin garke. Kwafe bayanansa take yi zuwa wani da session ke riƙe da shi, ta miƙo maka wancan. Na hannunka yana nan a tsinke. Na sha ganin mai manhaja ya kira merge, ya yi watsi da abin da ta dawo da shi, ya ci gaba da canza farashin buhu a kan tsohon. Babu saƙon kuskure ko ɗaya, farashin ne kawai ba ya canzawa, dillali na ta ƙorafi. Karɓi abin da ta dawo da shi ka ci gaba da aiki a kansa. Haka save ta Spring Data take, don in abin ba sabo ba ne merge take kira.

Saƙon kuskuren LazyInitializationException ma daga tsinkewar yake: ka nemi jerin odojin dillali bayan session ta rufe. Ɗauko su tun farko da JOIN FETCH a cikin query ɗin da ke buƙatarsu, kada ka mayar da komai EAGER, wato a riƙa ɗauko komai tare a kowane lokaci, manhajar za ta yi nauyi.