Yadda Ake Binciken Zuwan Faransawa Ƙasar Hausa a Cikin Takardunsu na Ƙarni na 19

Duk shekara sai na ga ɗalibi ya ɗauko batun zuwan Faransawa Damagaram ko Birnin Ƙonni da zafinsa, bayan wata uku ya dawo yana cewa wai babu komai a rubuce. Akwai, har ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Sojan Faransa ko buhun gero ya ƙwata sai ya rubuta. Abin da ke kayar da masu farawa shi ne ba su san inda takardun suke ba, ba su san sunan da aka ajiye su da shi ba, in kuma sun same su sai su haɗiye duk abin da ke ciki. Zancen iya karanta Faransanci ba sai na faɗa ba.

Da farko, ka rage girman abin da ka ɗauko. Daular da Faransa ta gina a wannan ƙarni ta faro ne daga kama Aljiyas a 1830, ta bi ta Senegal zamanin gwamna Faidherbe daga 1854, ta ci Segu a 1890, Tambutu a 1894, ta kama Samori a 1898, ban da Indocina da Madagaska. Ba za ka iya da wannan duka ba. Ni dokata ita ce shekara biyu, hanya ɗaya. Ga mai sha'awar ƙasarmu, 1898 zuwa 1900 sun isa: kashe Kyaftin Cazemajou a Damagaram a watan Mayu na 1898, ayarin yaƙin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine a 1899, har zuwa yaƙin Kusiri na 22 ga Afrilu 1900 inda Rabe da Kumandan Lamy suka mutu rana ɗaya. Ka rubuta waɗannan ranaku a takarda guda ka manna a bango, duk abin da ka karanta daga baya ka rataye shi a kansu.

Na biyu, kafin ka tambayi ina takarda take, tambayi wace ma'aikata ce ta ba da umarnin. Faransa ba ta da ma'aikatar mulkin mallaka mai zaman kanta sai a 1894. Kafin nan yawancin lamarin yana hannun ma'aikatar sojan ruwa. Takardun ma'aikatar mulkin mallaka suna taskar ANOM, wato taskar takardun ƙasashen da Faransa ta mallaka, a garin Aix-en-Provence. Fayil ɗin hafsoshi da rahotannin yaƙi suna Vincennes, wajen taskar sojoji. Cinikin iyaka da Ingila, wato sanarwar 5 ga Agusta 1890 da ta ja layi daga Say zuwa Barruwa, da yarjejeniyar 14 ga Yuni 1898, ka neme su a taskar ma'aikatar harkokin waje a La Courneuve. Takardun babbar gwamnatin Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1895, ba a kwashe su ba, suna Dakar, amma akwai hoton da yawa daga cikinsu a Aix. Sai kuma taskar ƙasa ta Yamai.

Kada wannan jeri ya sa ka fara lissafin kuɗin jirgi da biza. Ka fara da Gallica, shafin babban ɗakin karatu na Faransa, kyauta ne. Akwai littattafan matafiya, jaridun lokacin, taswirori, da mujallar Comité de l'Afrique française, ƙungiyar da ke zuga gwamnati ta ci ƙasa. Abin da zai ci maka kuɗi data ce kawai, don haka ka sauke da dare, ka ajiye a wuri biyu. Wanda bai ƙare abin da ke Gallica ba, ba shi da abin yi a Aix.

Na uku, kuma nan ne ni na faɗi: sunaye. Na yi makonni ina buga Tasawa, Gobir, Kukawa, Kuran Daga a akwatin nema, yana ce mini babu. Har na fara rubuta a gabatarwar aikina cewa Faransawa ba su damu da yankin ba. Ashe kunnen Bafaranshe daban, alƙalaminsa daban. Duk inda muke da u shi ou yake sawa, w ma sau da yawa ou ce. Tasawa ta zama Tessaoua, Hausa ta zama Haoussa, Gobir ta zama Gober, Kukawa ta zama Kouka, Barruwa ta zama Barroua, Lugu ta Sarauniya ta zama Lougou, Ƙonni ta zama Birni N'Konni. Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga zai fito maka a matsayin Ahmadou ko Amadou, wani lokaci ma ba suna, sai dai a ce sultan na Zinder. Sarki kuwa serki ne ko serky. Kuma hafsa ɗaya yakan rubuta gari ɗaya iri biyu a shafi ɗaya, domin jiya Bazabarme ne ya faɗa masa sunan, yau Buzu.

Saboda haka kafin ka nemi komai, ka buɗe littafi ka yi wa kowane suna shafi, ka jera duk yadda za a iya karkata shi. Da ss da s ɗaya, da é da e, da h a tsakiya da babu. Ka nemi kowanne daban. Na'urar da ta karanta tsofaffin shafukan ma tana kuskure, takan mai da n ta zama u, don haka in nema ya ƙi, ka buɗe littafin ka bi shi da ido. Aiki ne mai gajiyarwa, amma ni ban yarda da binciken wanda ba shi da irin wannan littafi ba.

Akwai wani tarko da ke maƙwabtaka da wannan, na taswira. Faransawan wancan ƙarni daga birnin Paris suke fara ƙirga layin gabas da yamma, ba daga Greenwich ba, kuma tsakaninsu akwai digiri 2 da minti 20. A ƙasarmu wannan ya kai kusan kilomita 250. In ka ɗauki lambar da hafsa ya rubuta ka zuba a taswirar wayarka ba ka ƙara wannan ba, ƙauyen da kake nema zai faɗo maka can yamma, a ƙasar wasu.

Na huɗu, kowace takarda ka yi mata tambaya uku: wa ya rubuta, wa yake rubuta wa, me yake tsoro. Labarin Voulet da Chanoine ya fi kowanne koyar da wannan. Ayarin ya taso daga bakin Kwara a farkon 1899 yana ƙone garuruwa, ya yi kisa a Sansane Hausa a watan Janairu, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu a Afrilu, ya yi wa Birnin Ƙonni ɓarnar da har yau ba a manta ba a watan Mayu. Ba rahoton shugabannin ayarin ne ya tona asiri a Paris ba, wasiƙar Laftana Péteau ce, wanda suka kora, ya rubuta wa budurwarsa. Aka aiko Kanar Klobb ya karɓe ragamar, Voulet ya sa aka harbe shi a Dankori ranar 14 ga Yuli, cikin kwana uku kuma sojojinsu suka kashe Chanoine da Voulet ɗin.

To, duba waɗanda suka ba da labarin daga baya. Hafsoshin da suka rage, irin su Pallier da Joalland, da su aka yi tafiyar tun farko, kuma su ne suka ci gaba suka kama Damagaram a ƙarshen Yuli bayan yaƙin Tirmini. Joalland ya wallafa nasa labarin shekara talatin da wani abu bayan haka, ya riga ya zama janar. Mutumin da ke cikin ayari lokacin da ake ƙone gari, in ya zo ba da labari, ka san inda zai ɗora laifin: kan matattu biyu. Gwamnati ma hakan ya yi mata daɗi, aka ce zafin ƙasar Sudan, kamar yadda Faransawa ke kiran wannan yanki na Afirka ta Yamma, shi ne ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, balle ma mahaifin Chanoine janar ne da ya riƙe ministan yaƙi a 1898. Ni ma na taɓa rubuta babi guda a kan wannan zance na hauka, sai da wani malamina ya tambaye ni, cikin natsuwa, wa ya tura ayarin ba tare da isasshen guzuri ba, kuma da me aka zaci za su ci da mutanen da suka kwaso. Na yaga babin. Littafin tafiyar Klobb, wanda aka buga bayan mutuwarsa, yana da daraja ta daban, domin yana rubuta abin da ya tarar a hanya kullum, bai san zai mutu ba balle ya gyara.

Ka lura da kalmominsu kuma. In ka ga pacification ko soumission, kada ka fassara su da zaman lafiya da mubaya'a kai tsaye, ka koma ka ga abin da aka yi a ranar. Adadin waɗanda aka kashe kuwa, kada ka taɓa rubuta shi ba tare da sunan wanda ya ƙirga ba. Kuma duk maganar da aka ce sarki ya faɗa, ka tuna ta bi ta bakin tafinta, wani lokaci biyu, daga Hausa zuwa Bambara ko Larabci, sannan Faransanci. Yawancin sojojin ma 'yan Afirka ne, waɗanda ake kira tirailleurs sénégalais ko da ba daga Senegal suka fito ba, kuma da wuya ka ji muryarsu sai a takardun bincike.

Na biyar, ka fito daga takardun Nasara. Cibiyar binciken ilimin ɗan Adam ta IRSH a Yamai tana da rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin André Salifou kan Damagaram kuma wajibi ne ka karanta. Bayanan da tafinta Landeroin ya tattara lokacin ayarin Tilho na shata iyaka, daga 1906, suna da amfani, amma ka tuna mutane suna magana ne da wanda ya ci su da yaƙi. In za ka je Ƙonni ko Lugu ko Maijirgi, inda kaburburan Voulet da Chanoine suke, ka fara gaida mai gari, ka tafi da goro, kada ka karanta wa tsoho abin da Bafaranshe ya rubuta kafin ya ba ka nasa. Wasu abin da suka ji a rediyo ko suka gani a fim suke maimaitawa, don haka ka tambayi kowa daga bakin wa ya ji. Abin da Ingilishi suka rubuta kan maƙwabtansu yana Kaduna.

Sauran aikin ba wuya. In ka shiga taska, ka tambayi ƙa'idar ɗaukar hoto, ka fara ɗaukar bangon kwali da lambarsa kafin shafukan ciki, in ba haka ba za ka koma gida da hoto dubu marasa uwa. Wajen rubutu, ka sa sunan gari yadda mutanensa ke faɗa, ka kawo rubutun Faransawa sau ɗaya a farkon ambato. Inda takarda da bakin mutane suka saɓa, ka kawo duka biyun, ka faɗi wanda ka fi yarda da shi da dalilinka.