Yadda nake karanto kanun amsar HTTP da PHP

Kafin saba, wato kwamfutar da shafi ke ajiye a kanta, ta turo shafin da burauza ke nunawa, sai ta fara turo wasu 'yan layuka a gaba: lambar matsayi irin su 200 (komai lafiya) ko 404 (ba a sami shafin ba), nau'in fayil, girmansa, da ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Su ne kanun amsa. Na fara bin su ne lokacin da na rubuta wata 'yar manhaja da ke zagaya adireshi wajen 300 kowane dare tana ware mini matattu.

Hanya mafi sauƙi ita ce `get_headers($url)`. Jeri take dawo da shi, layin matsayi yana `$h[0]`, misali `HTTP/1.1 200 OK`. In ka ƙara `true` a gurbi na biyu, sunayen kanun su ne za su zama makullai, sai ka kira `$h['Content-Type']` kai tsaye. In haɗin bai yiwu ba `false` za ka samu, don haka duba wannan tukuna.

To ga inda na sha kashi. Na ɗauka `$h[0]` shi ne hukuncin ƙarshe, na ce duk adireshin da bai ba da 404 ba yana da rai. Ashe idan saba ta ce 301, wato an koma wani adireshin, PHP bin sawu take yi, har sau 20, kuma ta zuba kanun kowane zango cikin jeri ɗaya. Ni ina kallon 301 a sama ina murna, alhali 404 na kwance a `$h[1]`. Hatta `Content-Type` da nake zaton rubutu ɗaya ne ya rikiɗe ya zama jeri, tunda ya zo sau biyu. Sai da na yi `print_r` na gani da idona. Maganin biyu ne: ko ka nemi layin ƙarshe da ya fara da `HTTP/`, ko ka hana ta bin sawun. Ni na biyun nake yi yanzu:

```
$c = stream_context_create(['http' => [
  'method' => 'HEAD',
  'timeout' => 10,
  'follow_location' => 0
]]);
$h = get_headers($url, true, $c);
```

Wannan gurbi na uku sai daga PHP 7.1 zuwa sama. Na sa `HEAD` ne, mai neman kanun kawai, saboda in ba ka faɗa ba, `GET` take aikawa, mai neman shafin gaba ɗaya. Sai dai wasu sabobin ba sa karɓar `HEAD`, 405 za su watso maka. In ka ga haka, sake tambaya da `GET`. Shi kuwa `timeout` kada ka yi wasa da shi. Jiran asali daƙiƙa 60 ne, sabobi goma kacal su yi gum ka yi asarar minti goma.

Wata saba za ta rubuto `Content-Type`, wata `content-type`, kuma duk daidai ne a ƙa'idar HTTP. Bi da jerin ta `array_change_key_case`, mai mayar da makullan ƙananan haruffa, ka huta.

Idan mai masaukin shafinka ya kashe `allow_url_fopen`, duk wannan ba zai yi aiki ba, sai ka koma cURL, wata hanyar tambayar saba da PHP ke da ita: `CURLOPT_NOBODY` don kada a turo jikin shafin, `CURLOPT_HEADERFUNCTION` don karɓar kanun layi-layi, lambar matsayi kuma a `curl_getinfo`. Kada sunan `getallheaders()` ya ruɗe ka, ita kanun da mai ziyara ya aiko maka take nunawa, ba na sabar da ka tambaya ba.