Yadda za ka riƙe kuɗɗin shago kada jari ya zurare ba ka sani ba

Shekara uku ina tireda a unguwar Mabera, nan Sakkwato, kafin in gane ciniki daban, kuɗɗi a hannu daban. Shago cike da mutane, alat na ta shigowa waya, amma ranar da zan shiga babbar kasuwa saro kaya sai in iske abin da ke gare ni bai kai ko rabin kayan da na saba ɗauka ba. Ba ɓarawo ba ne, ba sammu ba ne, ni ne da hannuna. To ga yadda na gyara, kai ma ka gwada.

Farko dai ka raba aljihu. Kuɗɗin shago su zauna gefe guda, na gida gefe guda, in kana amsar tiransfa ka buɗe asusu na shago kaɗai, ko Moniepoint ne ko Opay ko bankinka na da, wanda duk ka ga dama, amma kada ya zama shi ne za ka ciro kuɗin cefane da na gudummawar biki da na man mashin. Sannan ka yanka ma kanka albashi kamar yaron shago, misali dubu 3 kullum, in ta ƙare ta ƙare. Wanga mataki shi ya fi wuya wallahi, don ranar da ƙanwarka ta aiko cewa yaronta ya kwanta asibiti ba za ka ce mata littafi ya hana ba, za ka ba da, amma ka rubuta shi a matsayin bashin da shago ke binka.

Sai littafi. Ba sai na kwamfuta ba, irin na ƴan makaranta mai shafi 60 ya isa. Ka ja layi tsakiya, hagu abin da ya shigo, dama abin da ya fita, kuma ka rubuta har naira 100 ta mai dako da cajin mai POS da naira 50 da ake cirewa in tiransfa ta kai dubu 10. Bayan isha'i ka ƙirga na durowa, ka duba na waya, ka ga ko sun yi daidai da littafi. Sati biyu kacal na yi haka na gano lemun da nike miƙa ma abokai in sunka zauna hira bakin shago ya fi ribar katan biyu.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke faɗawa rami, sa farashi. Ka ɗauka ka saro buhun sukari dubu 70, ka auna ka sayar ka tashi da dubu 76, kana murna ka ci shida. Ka koma kasuwa ka iske buhun ya koma 78. To ina ribar? Ko buhunka ba za ka iya mayarwa ba sai ka cika daga aljihu. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da farashin kaya sunka daina zama wuri guda, saboda haka ka riƙa sa farashi bisa abin da za ka sake sayen kayan gobe, ba abin da ka saye su jiya ba. Ni kowace safiya kafin in buɗe sai na kira dilana na ce Alhaji yau nawa, kati na naira kaɗan ya sha ceto na.

Bashi kuma ba a hana shi a unguwa, maƙwabci ne, ɗan'uwa ne, tare kuke sahu a masallaci. Amma ka sa mai iyaka. Ka ce duk bashin da ke waje ba zai wuce kaza ba, kowa da shafinsa da ranar biya, ma'aikacin gwamnati ƙarshen wata, manomin albasa sai ya kwashe. In mutum bai biya na baya ba ka ce mai baba ka yi haƙuri, kayan nan nima amana ne. Zai yi fushi kwana biyu ya dawo.

Daga nan ka zauna da kalanda ka kalli shekara gaba ɗaya. Azumi akwai cinikin sukari da madara da dabino, kenan tun Sha'aban kake buƙatar kuɗɗi a hannu, ba lokacin zuba su a kayan da za su yi wata uku kan kanta ba ne. Zafin Maris zuwa Mayu ruwan sanyi da ƙanƙara na tafiya amma janareto na shan mai, ka lissafa shi cikin farashi. Damina kuwa kasuwa na yin sanyi don kuɗin mutane na gona. Hayar shago ta shekara ka raba ta gida 12 kana warewa duk wata, ko ka zuba ta adashe ka nemi kwasarka ta faɗo kusa da lokacin biya. Zakka ma haka, in dukiyar ta kai nisabi shekara ta zagayo 2.5 cikin 100 ne, kayan sayarwa na ciki.

Na ƙarshe ajiyar ko-ta-kwana. Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, ko ya sha wahalar canjin kuɗi farkon 2023 lokacin da takardar naira ta zama gwal, ya san dalili. Ka fara da ɗari biyar kullum, wani sashe banki wani sashe tsaba, har ya kai abin da zai riƙe shago da gida wata ɗaya. Nawa yana wani asusu da ban sa manhajarsa a waya ba, sai na taka har banki na bi layi, kuma ƙyuyar bin layin nan ce ta hana ni taɓa shi.